Malam Badamasi da Manhajar Kachalla

Malam Badamasi Inuwa ya yi shekara goma sha tara yana koyar da aikin gona a wata ƙaramar sakandare da ke bakin fadama, kusa da Kirikasamma, ba wanda ya damu da shi. Ɗan Haɗeja ne, gidansu masu ɗinkin hula, kuma iyakar gonar da ya taɓa nomawa ita ce wadda yake zanawa da alli a allo. Ba ya makara, ba ya dukan yara.

Wata shekara aka gayyaci shugaban makarantar taron bita a Dutse kan tsara manhajar karatu. Ciwon ƙafa ya hana shi zuwa, ya tura Malam Badamasi. Kwana uku aka yi. Ya dawo da jaka mai tambari, da katin shaida da ya ci gaba da ratayawa har masallacin Juma'a, da kalmomin da suka zauna masa a baki: manufa, sassauci, dacewa da muhalli. Daga nan gaisuwa da shi ta daina zama gajera.

Ya ce manhajar da ake turowa daga sama ba ta san fadama ba, kuma nan kam gaskiya ya faɗa. Sai ya ɗaura niyyar rubuta wadda ta dace da garin. Da yake an koya musu cewa dole a tuntuɓi jama'a, ya sa aka kira Buba, wani dattijo masunci kuma manomi, mai jikoki shida a makarantar.

"Baba Buba, me kuke so yaranku su sani?"

"Su iya karanta rubutun jikin kwalbar maganin feshi, Malam. Bara ƙanena ya ƙone shinkafarsa don bai san murfi nawa ake zubawa ba. Sannan jarrabawar nan ta daina faɗowa lokacin da muke korar tsuntsayen jan-baki."

Malam ya gyaɗa kai, ya cika shafi biyu. Abin da ya shiga manhaja daga zaman nan layi ɗaya ne: an tuntuɓi masu ruwa da tsaki.

Babi mafi tsawo na kachalla ne, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Manufar babin ita ce, a ƙarshen darasi ɗalibi ya iya lissafa siffofin kachalla biyar. 'Yan ajin kuwa duk Asabar suna cikin ruwa har ƙirji suna taya iyayensu saran ta. Ranar jarrabawa fiye da rabinsu suka faɗi. Wata ɗaliba, Sakinatu, ta rubuta cewa in aka sare ta a ƙarƙashin ruwa ruɓewa take yi, in aka sare a sama ta sake tofowa. Ya sa jan biro ya rubuta mata: ba a tambaye ki ba.

Sai gonar makaranta. Manhajarsa ta ajiye dashen shinkafa a mako na huɗu na zangon farko, wato Oktoba, lokacin da mutanen gari ke wasa lauje don girbi. Malama Radiyya mai koyar da lissafi, wadda ta tashi a gidan manoma, ta tarar da shi a bakin gona yana ba da umarni, takalminsa fes.

"Malam, ruwa ya fara janyewa fa. Ina sassaucin da kake gaya mana?"

"Yana shafi na tara, Malama."

Shinkafar ta bushe ba ta fid da kai ba. A rahotonsa ya rubuta cewa an cimma manufa, domin ɗalibai sun ga illar makarar dashe da idonsu.

Rahoton ya yi kyau, an buga shi da na'ura, an yi masa bango. A kansa aka ɗaga Malam Badamasi zuwa ofis a Haɗeja, ya zama mai duba malamai. Shekara shida yana bin ƙauyuka a babur yana neman manufa a littattafan shirin darasi. Malama Radiyya ma sai da ya rage mata maki, don ta kai 'yan ajinta awon gona da igiya ba tare da ta rubuta dalili ba.

Bara ya yi ritaya. Matarsa Ummussalma tana da gonar gado a bakin kogi, ƙanenta ke noma mata. Malam ya ce yanzu da ya samu lokaci zai zana musu tsari na shekara uku. Ta ɗago daga tsintar shinkafa ta dube shi.

"Malam, don Allah ka bar mana wannan. Ita muke ci."

Ya bar musu. Yanzu da hantsi za ka same shi a benci ƙofar shagon ɗinkin hular gidansu, da tabarau da biro, yana gyaran bugu na biyu na manhajarsa.