Takardu Tara na Ƙarshe

Takardu tara ne, rubutun hannu gaba da baya, da jan biro domin baƙin ya ƙare wa Malam. Su ne ƙarshen littafi na uku, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ni kuma na bar tallan batir da tocila na kama rumfar littattafai kusa da tasha. Malam yana koyarwa a wata firamare a Aujara. Shi yake rubutawa, ni nake kaiwa Kano a buga. Labarin wani maharbi ne da ya shiga daji neman maganin makantar da ta kama garinsu. Na ɗaya da na biyu sun karɓu, har daga Taura da Miga ake ba direbobi saƙonsu.

Da ya kawo na uku na duba a tsaye, na ce, "Malam, ai ya samu maganin tun a nan. Sauran na mene ne?"

Ya ce, "Alhaji, in ka saro kaya a Kano ciniki ya ƙare ke nan? Ai sai ka iso da su Dutse. Dole a biyo shi a hanya. Dole ya kusa mutuwa a ƙofar garinsu, a ga ko mutumin da ya tafi shi ne ya dawo. Sannan ya ba mutane abin da ya samo. In babu wannan, yawo kawai ya je."

Na gamsu. Mota tana jirana, ban karanta taran ba, na cusa su a jaka.

Bayan mako uku na ɗauko littattafan daga maɗaba'a ɗauri-ɗauri, na raba wa masu sari ban buɗe ko ɗaya ba. Washegari wata mai buga tafireta a sakatariya, wadda ba ta taɓa fashin sayen littafi a wurina ba, ta dangwarar da nata a kan tebur.

"Mai littafi, haka ake yi? Shekara guda ina jira, sai a ce mini ya koma gida lafiya? Ta ina? Garin sun warke?"

Na buɗe shafin ƙarshe. Maharbi ya zuba magani a gora. A ƙasa layi ɗaya: ya koma gida lafiya, ya yi aure, Alhamdulillahi.

Na koma Kano a ranar. Na tarar da mai maɗaba'ar yana shan rake a gindin injinsa. Ya ce injin shafi goma sha shida yake bugawa a takarda ɗaya, labarin ya yi rara, shi ne ya datse, ya rufe da layin nan da kansa.

"Taimakonka na yi, Alhaji. An samu magani, me ya rage? Wa ke karanta ƙarshe?"

"Ina takardun?"

Ya turo leɓe wajen wani kwando. Da su aka goge tawadar injin. Na zaro ɗaya, baƙa ƙirin, tana danƙo, tana warin kananzir, ga tukar rake da ya tofa a kai. Sai nan da can ake hango jan harafi. Ya miƙo mini rake, wai in sha in huce.

Da na kai wa Malam littafin, ya karanta layin ƙarshen nan sau biyu, ya rufe shi. Na roƙe shi ya sake rubutawa. Ya gwada, ya ce ba ya zuwa. Da na ce ko da baki ya gaya mini, sai ya ce, "Ka tambayi mai injin."

Littafin ya ƙare tas a kasuwa, mutum biyu kaɗai suka yi ƙorafi, kuma wannan ya fi kwandon tayar mini da zuciya. A shekarar na ƙara rumfa ta biyu. Na rasa marubuci ɗaya da nake da shi, na rasa matar sakatariya, kuma har yau ban san yadda maharbin ya shiga garinsu ba.