Anti Losa da Makullin Banɗaki

Ƙarfe biyar da rabi na safe bas ke sauke Losaline Taufa, wadda muke kira Anti Losa, a ƙofar gidan wankin da ke bayan garin Cairns, inda ake wanke zannuwan gado da tawul-tawul na otal. Takan ɗaure gashinta, ta ajiye kwanon gwaza da kifinta a firji, ta tsaya gaban injin guga. Shekara ashirin da shida tana wannan tsayuwa cikin tururi. Kuma har ranar Juma'ar da ta ajiye aiki, sunanta bai taɓa fita daga jerin masu aikin awa ba, waɗanda ake kira in an ga dama, a manta da su in an ga dama. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Mu da muka yi aiki tare da ita mun san yadda ake korar mai aikin awa. Ba a ce maka an kore ka. Ranar Alhamis za a liƙa jadawalin mako a allo, ka duba daga sama har ƙasa, ka ga babu sunanka. Shi ya sa kowa ya iya haɗiye magana.

Shekara bakwai da suka wuce aka kawo mana sabon manaja, Craig Pullen. Wai ya lura mata na ɓata lokaci a banɗaki, sai ya sa masa kwaɗo, ya ɗaure makullin a jikin wani ludayin katako, ya rataye a ofishinsa. Mace mai jikoki sai ta je ta roƙi ludayi, shi kuwa ya ɗaga hannu ya dubi agogo. Mata suka daina shan ruwa, a ɗakin da zafinsa ke sa mutum jiri. Wane irin wulaƙanci ne wannan?

Akwai Merewalesi, 'yar Fiji, cikinta wata shida, mijinta na kwance da ciwon baya, ita kaɗai ke ciyar da gida. Wata Talata ta je neman makulli karo na uku.

"Mere, yau fa sau uku ke nan," in ji Craig. "Injin zai jira ki ne? Ki bari sai an tashi hutu."

Ba ta kai hutun ba. A gaban injinta abin ya kufce mata, a idon kowa. Anti Losa ce ta yafa mata zanen gado, ta raka ta waje, Mere na kuka. Ranar Alhamis aka liƙa jadawali, babu sunan Mere.

Washegari Anti Losa ta zo da babbar jarkar ruwan sanyi. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da kofi.

"Shanye, 'yata. Ƙara ɗaya. Ke Akosita, kar ki yi mini yanga, na san cikinki, ya fi jarkar nan girma."

Ƙarfe tara daidai ta kashe injinta, ta je ta tsaya ƙofar ofis. Mata ashirin da biyu muka yi layi a bayanta. Ga motocin otal a waje suna jiran kaya.

"Mene ne haka?" in ji Craig, fuskarsa ta yi ja.

"Ludayi muka zo karɓa, ɗana. Dokarka ce muke bi. Ɗaya ta je, ta dawo maka da shi hannu da hannu, sannan ta gaba ta roƙa."

"Losa, kin san zan iya cire ki daga jadawali ko?"

"Cire ni mana. Amma fara miƙo ludayin, don ni tsohuwa ce, ba na iya riƙewa. Ka ga kuma kafet ɗinka sabo ne."

Dariya ta ɓarke a layin, irin dariyar da ke tafe da hawaye. Awa biyu injuna na tsaye. Kwana uku muka yi muna wannan layi, a rana ta uku wakiliyar ƙungiyar ƙwadago da Anti Losa ta kira ta iso. Aka cire kwaɗon. Sunan Mere ya dawo allo.

Na Anti Losa kuwa ya ɓace har mako biyar. Babu wanda ya ce hukunci ne, wai aiki ne ya yi ƙaranci. Ta koma sharar coci da dafa abincin biki, ba ta taɓa ce wa ɗayanmu don ku aka yi mini haka ba.

Anti Losa, ke ce kika tsaya ranar da duk muka sunkuyar da kai. Ke ce kika nuna mana cewa wanda ya sayi awarka bai sayi mutuncinka ba. Uwar marasa galihu, ke ma ba ki da galihun, amma kika ba da ɗan abin da kike da shi. Shekara ashirin da shida, kamfani ya sallame ki da kati da kek na kanti. Kunyar tasu ce, ba taki ba.

Ranar sallamar, Mere ta miƙa mata wani abu naɗe cikin tawul. Ludayin ne, da makullinsa, ta ɓoye shi tun ranar da aka cire kwaɗon. Anti Losa ta juya shi a hannu.

Mun gode, Anti. Ku kuma masu karatu, a wurin aikinku akwai wata Mere da ake shirin goge sunanta ranar Alhamis, kuma kun san ta. Kada ku bar ta ta je ƙofar ofis ita kaɗai.

Da Anti Losa za ta fita, ta juyo ta dubi sababbin 'yan matan da ke kan injuna, ta ɗaga ludayin.

"Ku sha ruwa," ta ce. "Kuna ji na? Ku sha ruwa."