Ƴan kunnen Kaltume a maƙerar Gado

Gado maƙerin fari ne a Tamaske, ni kuma ɗinkina nake yi a rumfar da ke daura da tasa. Kayan aikinsa na sha ƙirga su: awartaki uku, guduma biyu, zuga-zugi ɗaya da ya gada wurin ubansa. Azurfa kaɗai yake taɓawa. Cikin mutum goma da ke zuwa, bakwai maza ne masu son zobe, tunda namiji ba ya sa zinariya.

Na sha ce masa ya shiga aikin zinariya, can ci gaba yake. Sai ya ce azurfa tana da kauri, tana ja a wuta ka gani, ka ɓata ka narke ka sake. Zinariyar mata kuwa siririya ce, wata ma cikinta rami. Mai aikinta ko ƙurar da ta zuba sai ya tattara.

Wata ranar kasuwa yayarsa Kaltume ta zo da ƴan kunnen zinariya na mahaifiyarsu, tsarabar Makka. Maratayin ɗaya ya karye ya ɓace.

"Yaya, kai su Tawa, can masu zinariya suke," in ji Gado.

"In ba baƙo kayan Inna? Kai mi kake yi nan, gasa masara?"

"In na sa mai wuta ya narke, mi za ni ce miki?"

"Sai ka ce mini ubanmu bai bar maƙeri ba."

Ya juya ɗan kunnen, ya ɗaga shi a rana. Bai hura wuta ba. Ya ja azurfa ta zama zare, ya lanƙwasa maratayi, ya zura a hujin da ya rage jikin ɗan kunnen, ya danne da awartaki. Ya kama daram, sai dai ɗaya fari a sama, ɗaya ja.

"Sauran in cire ma mai lahiyar nashi, su zan daidai."

Kaltume ta daɗe tana murza mai lafiyar a tafin hannu.

"Cire. Amma ka ba ni abina."

Ya cire, ya ɗaura na azurfa, ya miƙa mata guntun zinariyar ta ƙulle a bakin zane. Ta sa su nan take, ta juyo wajena.

"Tela, sun zamna?"

Na duba dama, na duba hagu. Sun zauna.