Ɗakin da Laraba Ta Nema a Tawa

Laraba mutuniyar Affala ce, ɗiyar Adamu mai gyaran sirdi. Ba don wani ya so ta da karatu ta shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba. Shekarar da aka ce kowane gida ya ba da yaro guda, mahaifinta ya dubi ƴaƴansa maza ya ga duk yana bukatarsu a gona, sai ya miƙa ta. Ta yi shekara biyar tana zuwa, ta iya karatu da rubutu, Faransanci ya zauna a bakinta daidai gwargwado, sannan ta yi aure kamar kowa. Mijinta Ahmed mai haƙar rijiya ne. Shekararsu huɗu tare wata rijiya ta rufta da shi, ya bar ta da ɗiya guda, Asabe, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Wata rana masu yin lambar rigakafi suka zo garin. Laraba na tsaye cikin layi da Asabe a goye, sai idonta ya faɗa kan kwalin magani, ta karanta abin da ke jikinsa a fili ba tare da ta lura ba. Ma'aikacin ya ɗago kai ya tambayi sunanta, ya rubuta. Bayan girbin 1964 takarda ta iso: an ɗauke ta koyon aikin ungozoma a Tawa, wata goma. Za a riƙa ba ta ɗan abin cefane, amma wurin kwana ita za ta nemar wa kanta.

Wannan bai dame ta ba, domin tana da kawu a birni. Ranar wata Lahadi ta bi masu kai dabbobi kasuwa, jaki na ɗauke da tabarma da tukwane biyu da akwatin ƙarfe, ta sauka unguwar Bilbis a gidan Kawu Attahir, baduku, ƙanen mahaifiyarta. Ya karɓe ta da fara'a, ya ba ta ɗakin da yake ajiye fatu. Warin jima ya kama mata tufafi har ƴan ajinsu na matsawa idan ta zauna, kuma daga Bilbis zuwa gidan haihuwa, inda suke koyon aikin, tafiya ce mai kyau, da goyo, sau biyu a yini. Duk ta haƙura. Mako uku ta yi a haka.

Ran nan Kawu Attahir na neman takardar da zai yanka samfurin takalmi, ya shiga ɗakin ya buɗe kayenta, wato littafin rubutunta na makaranta. Shafin da ya fara gani zanen mace ne, ciki a buɗe, jariri kwance kansa ƙasa. Laraba ce ta zana shi da hannunta, har malamarsu ta yaba. Da ta dawo da la'asar ta iske shi zaune a zaure, kayen a gabansa, ya danne shi da guduma.

Ya ce, "Laraba, wanga shi ne karatun?"

"Shi ne, Kawu. In ba mu san yadda ɗa yake kwance ba, ƙaƙa za mu taimaki uwa tai?"

"Iyayenmu sun haihe mu ba su zana kowa tsirara ba. Ina da ɗiya mata cikin gidan ga. Ko ki bar wanga abu, ko ki nemi wani wuri kahin Juma'a."

Ta roƙe shi, ta ce za ta riƙa barin kayen a makaranta. Ya ce abin da ke cikin kaye ai yana cikin kanta. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

Tun daga ranar, da an tashi darasi sai ta goya Asabe ta shiga gari. Ta fara da wajen bariki, inda ta hango gidajen ma'aikata da famfo a tsakar gida da itatuwan dogon yaro a jere. Mai gadi ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi dariya ya ce waɗannan gidajen gwamnati ne, ba a ba da su haya, ta dawo idan ta zama madam. Ta koma Kurfayawa, unguwar da ta fi so, don tana kusa da wurin aiki kuma akwai rijiya mai ruwan daɗi. Gida bakwai ta yi sallama. Ko'ina tambayar guda ce: ina mijinki? Idan ta ce ya rasu, sai a ce Allah ya jiƙansa, ɗakin kuwa an riga an yi wa wani alkawari. Wani dattijo mai suna Yunusu har ya nuna mata ɗaki, azara biyu sun karye, awaki na kwana a ciki. Ta ce ta yarda a haka, za ta share. Ya shafa gemu ya ce, "Ni ba ni yin magana da mace kan haya. Turo namiji."

"Baba, ni za ni kwana ciki, ni za ni biya."

"Na ji. Turo namiji."

Ta fito ta kama hanya. Asabe na kukan ƙishirwa a bayanta, ita kuwa ta rasa wanda za ta yi wa faɗa.

Ranar Alhamis ta gangara Sabon Gari, kusa da tashar motoci. Gida na biyu da ta shiga, mai gidan bai tambayi miji ba, bai tambayi gari ba. Ɗakin na da daɓen siminti da ƙofar kwano mai sakata, har da taga. Laraba ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Da safiyar Juma'a ta kwashe kayanta daga Bilbis, Kawu na zaure yana ɗinki, ya amsa sallamarta bai ɗago ba.

Kwana biyu da tarewa, tana zaune bakin ƙofa da yamma tana haddace sunayen ƙasusuwa, sai ga wani direba ya yi sallama, ya ajiye mata goro da sabulu mai ƙamshi, ya tsuguna yana tambayar ko baƙuwa ce. Ta dube shi, ta dubi sauran ƙofofin gidan, mata shida kowace da ɗakinta, babu miji ko ɗaya. A nan ta gane. Ta mayar masa da kayansa ta ja sakata. Matar ɗakin da ke kusa ta ƙwanƙwasa mata daga baya, ta ce, "Ƴar'uwa, kar ki ji haushinmu. Mun ɗauka kin sani. Za mu hana su zuwa ƙofarki." Kuma sun hana. Har kunu suke ba Asabe. Amma magana ba ta tsaya a gidan ba. Kafin mako ya zagayo malamarsu ta kira ta gefe ta ce mazajen unguwa sun fara cewa ba za su bar matansu su zo awo ba muddin ƴar Sabon Gari ce za ta taɓa su.

Laraba ta ce, "Madam, to ina zan tahi? Gidan mutunci sun ce sai da miji. Inda ba su tambayi miji ba kun ce ba mutunci."

Malamar ta ce ita dai ta faɗa mata, ta gyara kafin ƙarshen wata.

Tana fitowa daga wannan magana aka sa ta auna wata mai ciki. Ta yi kuskuren lissafin watanni har sau biyu. Matar, wadda ake kira Jummai, ta ce, "Ke kam yau ba lafiya ba." Laraba ba ta yi niyyar faɗa ba, amma sai ga shi ta zazzage mata komai. Jummai mutuniyar wajen Maraɗi ce, mijinta Ishaku malamin lakkwal ne da aka turo Tawa, kuma Kiristoci ne. Ta ce suna da ɗaki a bayan gida, keken mijinta da buhunan gero kawai ke ciki, ta zo ta gani.

Laraba ta je. Gidan na bayan gidan haihuwa, tafiyar da ba ta kai a sha wahala ba. Ɗakin ƙarami ne amma rufinsa lafiya lau. Ta tsaya a tsakiya ta dudduba, sannan ta ce, "Ni hwa ina salla."

Jummai ta nuna bango da hannu. "Gabas ke nan. Ga buta can, ba mai taɓa miki."

Wata huɗu ta yi a gidan, kuma su ne kawai watannin da ta yi karatu da kwanciyar rai. Malam Ishaku ya ba ta tsohon tebur. Jummai na riƙe Asabe idan ta tafi aiki, ita kuma tana duba cikin Jummai tana yi mata daka da abin ya yi nauyi. Da azumi ya zo, Jummai kan ajiye mata ruwan randa mai sanyi tun kafin rana ta faɗi. Makinta ya hau, malamarsu ta daina kallonta a kaikaice.

Ana cikin zafin bazara sai ga yayanta Tanimu daga Affala, ko ruwa bai yarda ya sha ba. Wani mai sayar da itace ya kai labari gida cewa Laraba ta bar addini, an ji Asabe na rera waƙar coci a bakin rijiya. Mahaifinsu ya daina fita masallaci don kunya.

Laraba ta ce, "Yaya, yarinya ce, abin da ta ji shi take maimaitawa. Ga tabarmar sallata, ga tazbahata. Tambayi liman na unguwar ga."

"Ban zo tambayar kowa ba. Baba ya ce ko ki bar gidan ga, ko in tahi da Asabe yau."

"Lokacin da nike yawo gida gida da goyo, ina kuke? Wa ya zo?"

Tanimu ya kau da kai. Jummai na tsaye bakin madafa da jaririnta na wata guda a hannu. Malam Ishaku ya fito ya gaishe shi da ladabi, ya ce ɗakin nata ne duk ranar da ta so, amma ba za su shiga tsakaninta da mahaifinta ba.

Laraba ta ɗaura gyale ta ce wa Tanimu, "To tashi ka nemo mini ɗaki, tunda kai namiji ne."

Suka nufi Kurfayawa. Ƙofar farko da Tanimu ya yi sallama ta Yunusu ce. Dattijon ya fito, suka gaisa, suka taɓa zancen farashin gero da na raguna, kafin a kira la'asar magana ta ƙare. Ko sau ɗaya Yunusu bai dubi inda take ba. Ɗakin nan ne dai mai karyayyun azara, awakin ma suna ciki. Tanimu ya kore su, ya tokare rufin da itace guda, ya ce zai dawo ya gyara kafin damina. Bai dawo ba, shuka ta riƙe shi.

Ruwan farko da aka yi, ƙasa ta zubo daga rufi ta cika mata tukunyar tuwo. Na biyu ya jiƙa kayenta guda, tawada ta narke, darasin wata biyu ya tafi, sai da ta ari na wata ta sake kwafewa. Ta yi wa Yunusu magana, ya ce da yayanta ya yi ciniki, shi zai zo ya faɗa. Asabe ta kama tari saboda danshi. Laraba ta yi kwana uku tana juya abin a ranta, ranar Lahadi ta kai yarinyar kasuwa ta damƙa ta ga wata maƙwabciyarsu ta Affala, ta kai wa kakarta. Asabe na ihu a kan jaki tana miƙo hannu, Laraba ta juya ta bi ta cikin masu sayar da gishiri don kada ta gani. Ta koma ɗakin ta ja tabarma zuwa kusurwar da ba ta yoyo, ta buɗe kaye, ta kasa karanta ko layi ɗaya.

Haka ta ƙarasa watannin da suka rage, da tasa uku a ƙasa suna tarar ruwa. Gidan Jummai kuwa ba ta sake shiga ba, don ta yi wa mahaifinta alkawari. Sukan haɗu a wurin awon jarirai su gaisa a tsaye. Da aka rufe makarantu aka yi wa Malam Ishaku canjin wurin aiki zuwa Damagaram, Laraba ba ta ji ba sai bayan motarsu ta tashi.

Ta ci jarrabawa, ta zo ta huɗu cikin su goma sha ɗaya. Aka tura ta Barmu. Ta biya Affala ta ɗauki Asabe, wadda ta yi kwana biyu tana ɓuya bayan kakarta kafin ta yarda ta zo hannunta. Sun isa Barmu da hantsi, ba a ko kwance kaya daga kan jaki ba wata tsohuwa ta zo da gudu ta ce matar ɗanta na kan gwiwa tun jiya, abin ya ƙi. Laraba ta nemi ruwan zafi da sabulu, ta bi ta. Ɗan ya zo da ƙafafu, ta juya shi da dabarar da aka koya mata, kafin azahar ya yi kuka.

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana wannan aiki a Barmu da ƙauyukan kewaye, ba ta sake aure ba. Mutanen garin sun san ta da saurin fushi da tsabtar hannu. Mazaje kan yi ƙorafi cewa ba ta iya magana da manya ba, domin idan ta shiga gida takan ce wa mai gidan ya fita ya ɗebo ruwa, kuma ba ta maimaitawa. Suna ƙorafin, suna ɗaukar guga.