Baƙin Yatsun Sabuwa

Duk wanda ya san Sabuwa ungozomar Hunkuyi ya san yatsunta biyu baƙi ƙirin, kamar na marini. Ba ƙunshin lalle ba ne, tabon wani maganin ido ne da ake kira ruwan azurfa. Shekara uku da samun mulkin kai aka tara ungozomai a Zariya, aka ba kowacce 'yar kwalbar maganin. Aka ce ɗigo ɗaya a kowane idon jariri da zarar ya faɗo, yana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa ido mugunya har ya mutu. Sauran suka jefa nasu ƙasan adaka, kun dai san halinmu da sabon abu. Sabuwa kuwa wannan ciwon ne ya makantar da ɗanta Lado tun yana zanen goyo, duk da nono da kwallin da ta yi ta zuba masa.

A rugar Jumare ta fara gwadawa, ranar da matarsa ta haifi mace. Washegari idanun jaririyar suka kumbura suntum, ta kasa buɗe su. Jumare ya sa aka kira Sabuwa, ya tare ta da sanda a kafaɗa.

"Inna, abin da ya ƙona miki yatsu, shi kika zuba a idon jinjira?"

"An ce mana kwana biyu kumburin zai sauka."

"In bai sauka ba, sai gaban alƙali."

Uwar Jumare ta ɗauko tandun kwalli da tsinken da duk rugar ke amfani da shi, har da masu ciwon ido. Sabuwa ta fizge, ta kulle a haɓar zane. Zagi kam ta sha shi. Ta yi zaman dirshan a ƙofar bukkar, tana goge idanun da ruwan da ta tafasa. Ita ma ba ta taɓa ganin aikin maganin ba. In yarinyar ta makance, da hannunta ta yi.

A rana ta uku da hantsi jaririyar ta buɗe ido tar, fari sol.

Sabuwa ba ta tsaya jiran godiya ba. Ta koma gida, ta tarar da Lado, gemunsa har ƙirji, yana tufkar igiya a zaure.

"Inna, ta buɗe?"

"Ta buɗe."

Ya miƙo hannu, ta sa masa kwalbar. Ya daɗe yana shafa ta.

"Ashe 'yar wannan ce kawai?"

Nan Sabuwa ta durƙushe, ta yi kukan da ta shekara talatin tana haɗiyewa.