Abin da na goge kafin Yaya ya tashi

Ina cikin takaba, kwana goma sha tara da rasuwar mijina, Yaya ya iso Dubai daga Kano. Wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, har muryarsu iri ɗaya, shi dangi suka turo ya tattara kayan marigayi a kai gida a yi rabon gado. Ya zauna a falonmu na Al Karama, ni ina daga bakin ƙofar ɗaki, yana kiran kaya ina amsawa. Agogo, takalma, manyan riguna uku, akwatin takardu. Da ya zo kan kwamfuta sai ya ce, "Amarya, wannan ma tana ciki. Ba son raina ba ne, hakkin magada ne. Jibi zan tashi."

Na ce to. A kwanakin nan duk abin da aka faɗa min, to nake cewa. Da an ce min in tashi in tsaya a rana, wallahi tashi zan yi.

Sai da ya tafi masaukinsa abin ya faɗo min. Wayata kullum a cike take, shi ya sa duk ranar Juma'a idan baban yarinya ya dawo daga masallaci sai ya karɓe ta, ya juye hotuna da bidiyo cikin kwamfutarsa, ya goge na wayar, yana min tsiya wai ni ko tukunyar miya ce ta tafasa sai na ɗauke ta hoto. Tasa wayar kuwa ta ragargaje a hatsarin da ya yi ajalinsa a hanyar Sharjah. 'Yarmu shekararta biyu a lokacin. Duk muryar ubanta da ta rage a duniya, da dariyarsa, da yadda yake ɗaga ta sama, suna cikin wannan tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin markaɗe.

Ba su kaɗai ba ne a ciki. Akwai hotunana, irin waɗanda miji ke ɗaukar matarsa a ɗaki, ba ɗankwali ba mayafi. Da yake yana zuwa da kwamfutar ofishinsu na kago, wato na aika kaya, a Al Khabaisi, kowa yana taɓawa, sai ya sa wata manhaja mai kulle, ya zuba komai namu na gida a cikinta, nawa da na yarinya. Ni da shi kaɗai muka san kalmar sirrin.

Mai takaba ba ta yawon kasuwa, don haka na kira Hajiya. 'Yar Damagaram ce, tana sarin kaya tana aikawa Nijar, a International City take zaune. Washegari da hantsi ta hau bas ta zo, da sabuwar kwamfuta a kwali da wani babban filash. Ta ajiye jaka ta dube ni ta ce, "Ke, kin ci wani abu kuwa? Bon. Yalla, zauna mu yi aiki."

Muka jera su biyu a kan darduma. Hajiya ta yi boko da Faransanci, tata kwamfutar ma da Faransanci take, sai ta riƙa tsaki tana laluben inda abubuwa suke. Ta kwashe folda ɗaya bayan ɗaya zuwa filash, daga filash zuwa sabuwa. Takardun aikinsa, jerin kayan kwantena, kwafin biza da fasfo, karatun Alƙur'ani na alarammomi daban-daban. Wani koren layi yana rarrafe a fuskar kwamfutar, ni kuma ina kallonsa. Ban yi kuka ba, ban yi tunanin komai ba. Na tuna dai na ƙirga furannin jikin dardumar har sau biyu.

Bayan azahar ta girka manhajoji. Ta sa mai kiran sallah, ta daidaita agogo, ta mayar da hoton bango yadda yake a tsohuwar. Na nuna mata mai kullen na ce, "Wannan ce mai muhimmanci, Hajiya." Ta nemo ta, ta girka a sabuwa, alamarta ta fito a kusurwa kamar yadda na saba gani. Ta ce, "Voilà, ga ta nan. Buɗe ki duba."

Ban buɗe ba. Hajiya ta girme ni, kafaɗarta na jikin tawa, na san kuma hoton da zai fara fitowa. Na ce, "Ba sai na duba ba, ai ga ta nan." Kunya, kai! Mijina na kabari, ni ina nan ina jin kunyar mace 'yar'uwata ta ga gashin kaina.

Ita ce ta ce, "To tsohuwar fa? Hannun maza za ta shiga, ƙannensa da 'ya'yan yayyensa. Yaran yanzu ba kullen da ba sa buɗewa. A goge ta tas." Gaskiya ta faɗa, ni ma abin da ya hana ni barci ke nan. Kwamfutar ta yi tambaya sau biyu, ko na tabbata. Ni da yatsana na danna. Ta yi ta ƙugi har la'asar, sannan ta buɗe fes kamar ba wanda ya taɓa amfani da ita. Hajiya ta ce khalas, an gama, ta tafi don kada bas ya wuce ta. Kafin magariba Yaya ya zo ya sa ta a akwati.

Sati biyu ban taɓa sabuwar ba, ban da ƙarfin gani. Ranar da na buɗe, yarinya na barcin rana. Na danna manhajar, ta nemi in zaɓi kalmar sirri, na sa tamu. Ta buɗe fari fat. Rubutu ɗaya ne a tsakiya, yana min maraba, wai in zuba hotona na farko. Na rufe na sake buɗewa. Na duba filash folda bayan folda. Ashe manhajar kawai muka ɗauko, abin da ke cikinta yana ɓoye a wani lungu na tsohuwar, wanda ba mu sani ba. Na tashi na ɗora ruwan shayi, na tsaya ina kallonsa har ya ƙone.

Da na kira Hajiya na faɗa mata, ta yi ta salati a waya. Ta tambayo wani mai gyara a Deira, ya ce wani lokaci ana iya dawo da abin da aka goge idan ba a daɗe ana aiki da kwamfutar ba. Amma komai tare yake dawowa, kuma mai gyaran sai ya gani da idonsa.

Na kira Yaya. Muka gaisa, ya yi min ya haƙuri, ya ce an gama rabo lafiya, kwamfutar ta faɗa a kason mahaifiyarsu, ta ba autansu da ke jami'a, har ya fara karatu da ita. Na buɗe baki. Idan na ce a dawo min da ita, za a ce mai takaba ta tayar da rigimar gado. Idan na faɗi dalili, na san Yaya, mutumin kirki ne, da ƙafarsa zai kai ta kasuwar 'yan waya, ya tsaya a kan mai gyara har hotunan su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Akwai wani abu ne, Amarya?"

Na ce, "Babu, Yaya. Gaisuwa ce."

Ya ce in ba shi yarinya. Na kara mata wayar a kunne. Ta saurara, ta zaro ido, ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Abba!" Ban gyara mata ba.