Takobin Kimba Soja

Idan ka shiga Zongon Lome kana neman Alhaji Sabiru mai darduma, sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce jikan Kimba Soja, ko ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya shigo gari jiya zai sauke ka a ƙofar gidansa, don Alhaji ya ƙare rayuwarsa yana ɗura wa mutane sunan nan a kunne.

Shagonsa na kasuwar Assigame ɗan tsut ne, darduma da carbi da hula. Labari kuwa, wannan sari yake bayarwa. Ka zo sayen carbi, sai ka ji yadda Jamusawa suka rasa mazan da za su yi musu yaƙi, suka ɗauko kakansa haya tun daga Katsina, da albashi da bindiga. Shi jikan jarumin, Katsinar ma bai taɓa takawa ba. In ya fusata da yaren Mina yake zagi, in kare ya yi haushi shi ne na farko a bayan ƙofa. Takobin kakan dai yana rataye a falo, duk Salla a sauko da shi a shafe da mai.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. 'Ya'ya shida Allah ya ba shi, duk mata, jikokin ma mata. Ranar da ya rufe ido, sunan Kimba ya bi shi kabari. Wannan kam ba cika baki ba ne, tsoro ne na gaske, har rama yake sa shi.

Sai autarsa Zahida ta haifi namiji. Mijinta Salifou Tchakoura, ɗan ƙabilar Kotokoli ne, irin waɗanda Alhaji ke kira marasa asali in sun juya baya. To ga shi dangin uba ke zaɓen suna. Dole mai asali ya ci babbar riga, ya jawo rago, ya saɓa takobi, ya tafi roƙon a sa wa yaro Kimba.

"Baba, ni ba ni da ta cewa," in ji Salifou. "A gidanmu sai kakata ta yarda."

Kakar, Inna Ruƙayyat, ta haura tasa'in, tana zaune kan tabarma tana mamular dakakken goro. Alhaji ya baje riga ya fara jero asali, Kimba ɗan wane ɗan wane, har kaka na bakwai. Ta bar shi ya gama tsaf.

"Kimba dogo, mai bille a kumatu?" ta tambaya.

Alhaji ya washe baki. "Allahu Akbar! Ashe har can labarinsa ya kai, Inna!"

"Ya kai mana. Shi ya cinna wa rumbunanmu wuta don an hana Bature 'yan dako. A ƙauyenmu, can wajen Sokode, har gobe da sunansa ake tsorata yaro mai rigima. Da zai tafi kuma ya sungumi ƙanwar kakata ya ɗora a doki. Ita ta haifi ubanka."

A waje ragon ya yi kuka.

"Ka jero mini maza bakwai, ɗana," ta ce. "Ita fa, ya sunanta?"

 Alhaji ya tuna ta sarai, sai dai bai taɓa sanin sunanta ba. Wata 'yar tsohuwa a ɗakin baya, mai gurguwar Hausa, wadda ta goya shi tana yi masa waƙa da yaren da ba ya ji. Tsohuwa kawai suke ce mata, har ta mutu.

Ranar suna liman ya ce Alasan, aka shafa fatiha, aka ci ragon Alhaji har ƙashi. Takobi kuwa babu wanda ya tambaya. Da jama'a suka ragu, aka ga jikan Soja ya tuɓe takalmi ya shiga cikin mata, ya durƙusa gaban Inna Ruƙayyat.

"Inna, don Allah faɗa mini sunanta."

 "Sahada," ta ce.

Ya maimaita a hankali don kada ya ɓace masa, hawaye na bin gemunsa.